Yadda ake sake buga kakar ƙwallo a kan tebur: Pillars, Hilal da Merrikh na 2009

Wanda ya taɓa zama a Kasuwar Libiya, can yammacin Omdurman ta wajen Umbadda, ya san akwai wani lokaci tsakanin azahar da la'asar da ciniki yake kwanciya. Masu sarin yadi da takalma da turare sun ɗaure kayansu tun da hantsi sun nufi tasha, 'yan dako sun fake a inuwar rumfuna, mai shayi tana fifita gawayi a ƙarƙashin jabana, butar gahawa. A wannan lokaci babu abin da yake tashi sai musun ƙwallo. Omdurman gari ne da ya rabu biyu: ko kana shuɗin Hilal, ko kana jan Merrikh, filayen ƙungiyoyin biyu ma maƙwabtan juna ne a unguwar Arda. Mu Hausawa kuwa muna da ƙafa ta uku a musun. A cikinmu akwai jikokin waɗanda suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, akwai zuriyar maniyyatan da suka yada zango a hanyar Makka har zangon ya zama gida, akwai kuma waɗanda fatauci ko karatu ya kawo daga baya. Duk wanda ya ce "Sai masu gida" a rumfa, an san inda aka binne cibiyarsa.

Shekarar da ta haɗa ƙafafun nan uku wuri ɗaya ita ce 2009. Ƙuri'ar Gasar Zakarun Afirka ta zuba Kano Pillars da Hilal da Merrikh da ZESCO United ta Ndola a Zambiya cikin rukuni guda. Pillars ta zo ne da kambun Najeriya na 2008, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kofin, bayan 1–1 a Najeriya da 2–2 a Alƙahira. Ita ta zo ta ɗaya a rukunin, Hilal ta biyu, Merrikh ta ƙarshe. A wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta Owerri ta tare Pillars, TP Mazembe ta Kongo ta ci Hilal 5–2 a Omdurman, ramuwar 2–0 da Hilal ta yi a Lubumbashi ba ta isa ba. Mazembe ta ɗauke kofin a gaban Heartland da ƙwallon waje.

Tun daga lokacin musun bai mutu ba. Ɗan Merrikh yana cewa rashin rabo ne, ɗan Hilal yana cewa da su suka zo na ɗaya da labari ya canja, Bakano yana cewa ko sau goma aka maimaita, Pillars ce a sama. To akwai hanyar maimaitawa sau goman nan, da littafi da biro da lambobi 36. Ita zan shimfiɗa a nan.

Daga ina dabarar ta fito

Ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Asalinta Amurka, wajen masoya besbol, wasan nan da ɗaya yake jefa ƙwallo ɗaya kuma yake tare ta da kulki. A 1951 wani mutumin Lancaster a jihar Pennsylvania, Richard Seitz, ya fara sayar da wasan tebur mai suna APBA. A 1961 Hal Richman ya fito da nasa, Strat-O-Matic, wanda har yau ake bugawa. A duka biyun kowane ɗan wasa na gaske yana da katinsa, an zuba lambobin katin daidai da abin da ya aikata a fili a wata shekara. A APBA 'ya'yan ludo biyu ake jefawa masu launi daban, a karanta su a jere daga 11 zuwa 66, fuska 36 ke nan. A Strat-O-Matic uku ne: ɗaya yana nuna katin da za a duba, na mai bugu ko na mai jifa, sauran biyun suna nuna layi. Da haka mutum zai zauna a ɗakinsa ya sake buga kakar da ta wuce da shekara hamsin, wasa bayan wasa, yana cika takardar sakamako. Kowace ƙungiya a babbar gasarsu wasa 162 take yi a shekara, ƙungiya 30, jimla wasa 2,430. Akwai masu bin wannan duka, ya ɗauke su shekaru.

Besbol ya yarda da irin wannan lissafi domin shi jerin karo ne tsakanin mutum biyu, kuma an daɗe ana rubuta kowane karo. Ƙwallon ƙafa ruwa ce mai gudu, ba ta tsayawa a ƙirga ta, mu kuma a Afirka abin da aka adana mana na tsofaffin wasanni bai wuce sakamako da sunayen masu ci ba. Don haka namu katin na ƙungiya ne gaba ɗaya. Abin da na aro daga Amurkawa shi ne fuskoki 36, da ƙa'idarsu cewa tarihi ne yake rubuta kati, son zuciya ba ya sa hannu.

Kayan aiki

Littafi mai bango mai ƙarfi, irin wanda ake rubuta bashi a shago. Biro biyu, shuɗi da ja. Kwali, ko na bayan katan ɗin takalma ne, a yanka shi girman tafin hannu, ɗaya ga kowace ƙungiya. Sai teburin gasar da za ka maimaita da jerin wasanninta yadda aka buga su, waɗanda ake samu a intanet ko a tsofaffin jaridu. Kwafe su da hannunka a shafi na biyu.

Saura abin da zai fitar da lamba, kuma a nan sai na tsaya. Akwai hadisai da suka yi hani da wasan nardu, malamai da yawa kuma sun shigar da jefa ɗan ludo a ƙarƙashin wannan hani ko da babu kuɗi a ciki. Wannan magana ce ta malamai, kowa ya tambayi nasa. Ni abin da nake amfani da shi murafan kwalbar lemo ne guda 36 iri ɗaya, na rubuta 1 zuwa 36 a cikinsu, na zuba a hula ko a jakar yadi. Mai shayi ko mai firji zai tara maka su cikin kwana biyu. Ban da kwanciyar hankali, sun fi sauƙin karantawa. Sharaɗi ɗaya ne: duk murfin da aka zaro, a mayar da shi a girgiza kafin a sake zara. Wanda ya manta da wannan ya ɓata lissafin duka. A kuma duba kada a samu lanƙwasasshe a ciki, domin yatsa yana saurin gane shi.

Mai amfani da 'ya'yan ludo ya samu ja da fari, ya karanta ja da farko. 11 zuwa 16 su ne 1 zuwa 6, 21 zuwa 26 su ne 7 zuwa 12, 31 zuwa 36 su ne 13 zuwa 18, haka har 61 zuwa 66 da suke 31 zuwa 36. Kada a haɗa idanun biyu a ce uku da huɗu bakwai. Bakwai tana zuwa ta hanya shida, biyu ta hanya ɗaya tak, ma'aunin ya karkace ke nan.

Yadda ake rubuta kati

Nan ne aikin yake, a bi shi a hankali.

Minti 90 za mu raba gida shida, kowane gida minti 15. A kowane gida kowace ƙungiya tana da zara ɗaya, wato zara shida a wasa. Idan murfi 6 cikin 36 ne suke nufin ƙwallo ta shiga raga, zara shida za su riƙa ba da ƙwallo ɗaya a wasa idan aka yi ta bugawa aka ɗauki tsaka-tsaki. Idan murfi 12 ne, ƙwallo biyu. Ma'ana, ka ɗauki abin da ƙungiya take ci a wasa ɗaya, ka ninka sau shida, ka samu lambarta. Ƙungiyar da ta ci 57 a wasa 38 tana cin ɗaya da rabi a wasa, lambarta 9.

Daɗin rukuni mai ƙungiya huɗu shi ne kowa wasa shida ya buga, rabawa da ninkawa sun cinye juna. Ƙwallayen da ƙungiya ta ci a rukunin su ne lambar harinta. Waɗanda aka zura mata su ne lambar tsaronta. Rubuta ta hari da shuɗi, ta tsaro da ja, ka tuna cewa a tsaro ƙaramar lamba ce mai kyau.

Amma ba a cin ƙwallo a iska, gidan wani ake ci. Saboda haka kafin kowane wasa sai a fitar da lambar ranar: harin wannan a haɗa da tsaron wancan, a raba biyu. A ce teburinka ya nuna Pillars ta ci 10 an ci ta 8, Merrikh ta ci 5 an ci ta 10. Lambar Pillars: 10 da 10, a raba biyu, 10. Ta Merrikh: 5 da 8, a raba biyu, 6 da rabi. Rabi kullum sama yake tafiya, ta zama 7.

Sai haƙƙin mai gida. Duk wanda ya san ƙwallon Afirka ya san fita waje ba wasa ba ne: doguwar tafiya da canjin jirgi, zafi ko ruwan sama, filin da ba ka saba ba, ga 'yan kallo a kanka. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da filin Hilal ba wuraren da baƙo yake shiga da sakin jiki ba ne. A ƙara wa mai gida 2, a rage wa baƙo 2. A misalinmu, idan a Kano ake wasan, Pillars ta zama 12, Merrikh ta zama 5. Mai son tabbatarwa ya ƙirga ƙwallayen masu gida a wasanni 12 na rukunin, ya ƙirga na baƙi, ya raba bambancin gida huɗu. Idan masu gida sun ci 20 baƙi sun ci 10, bambanci 10, a raba huɗu, biyu da rabi. Kusa da abin da na faɗa.

Wasan Hilal da Merrikh fa? An sha yin musu a kan wannan. Baƙon da ya kwana a gidansa, ya tsallaka titi ya shiga fili, magoya bayansa suna cike da ɓangarensu, wane irin baƙo ne? Ra'ayina a ƙara 1 a rage 1 kawai, don ciyawa da ɗakin sauya kaya na mai fili ne. Wasu suna cewa a bar su babu ƙari. Kowanne aka zaɓa, a zaɓe shi kafin a fara, a rubuta.

Akwai wata hanyar fitar da lambar ranar da ta fi kaifi, ya kamata a san ta. Maimakon haɗawa da rabawa, a ninka hari da tsaro, a raba da matsakaicin rukunin, wato duk ƙwallayen da aka ci a raba huɗu. Idan 30 aka ci, matsakaici 7 da rabi. Pillars: 10 sau 10 a raba da 7 da rabi, 13. Merrikh: 5 sau 8 a raba da 7 da rabi, 5. Ka ga tazarar ta buɗe, daga 10 da 7 ta koma 13 da 5. Wacce ce gaskiya? Ya danganta da yawan shaidar da kake da ita. Wasa shida shaida ce kaɗan. Rana ɗaya da mai tsaron gida ya tashi da ciwon kai ta isa ta ɓata lambar ƙungiya. Hanyar farko tana jawo kowa zuwa tsakiya, tana cewa kada mu gaskata wasa shida ɗari bisa ɗari, don haka ita na fi so a rukuni. Idan kuwa cikakkiyar gasar ƙasa ce mai wasa talatin da wani abu ga kowa, shaida ta taru, a yi ninkawa. In ba haka ba zakara da na ƙarshe za su riƙa gogayya kamar sa'o'in juna, wanda ba haka aka yi a fili ba.

Busa usur

Ja layi biyu a littafi, kowane layi gida shida. Rubuta sunan ƙungiya da lambarta ta ranar. Mai gida ne yake fara zara a kowane gida. Murfin da ya fito daidai da lambar ƙungiya ko ƙasa da ita, ƙwallo ce. Wanda ya haura, hari ya lalace.

Ga Pillars da 12, ga Merrikh da 5. Minti 1 zuwa 15: an zaro wa Pillars 27, babu. An zaro wa Merrikh 4, ta shiga, baƙi suna gaba. Minti 16 zuwa 30: 19 da 33, shiru. Minti 31 zuwa 45: Pillars 8, an farke, Merrikh 14, babu. An tafi hutu 1–1. Haka za a ci gaba har gida na shida. A kowane gida rubuta lambar da ta fito, ba sakamakon kaɗai ba, ka zagaye wadda ta zama ƙwallo. Ranar da musu ya tashi littafin ne alƙali. Wasa ɗaya ba ya wuce minti biyar idan babu surutu, amma surutun shi ne rabin daɗin. A samu mai baki ya riƙa sharhi kamar a rediyo.

Wannan kaɗai ya isa a buga gasa. Sauran abubuwa gishiri ne, a ƙara su bayan hannu ya faɗa.

Na farko bugun fenareti. Idan murfin da ya fito shi ne lambar ƙungiya cif, 12 ga Pillars ko 5 ga Merrikh, ba a rubuta ƙwallo nan take. An yi keta a da'ira, a sake zara: 1 zuwa 27 ta shiga, 28 zuwa 36 an ɓarar ko gola ya ture. Uku cikin huɗu ke nan, kusan yadda abin yake a fili.

Na biyu murfi na 36, murfin matsala. Ƙungiyar da ta zaro shi ta sake zara: 1 zuwa 18 jan kati, 19 zuwa 30 wani ya ji rauni ba zai buga wasa na gaba ba, 31 zuwa 36 gargaɗi kawai. Idan jan kati ne, a rage mata 2 a ƙara wa abokiyar karawarta 2 har a tashi. Idan rauni ne, a rage 1 a harinta na wasa mai zuwa. Tunda zara 12 ake yi a wasa, 36 tana fitowa kusan sau ɗaya a wasa uku, jan kati sau ɗaya a wasa shida.

Na uku, wa ya ci? A bayan kwalin ƙungiya raba murafai 36 tsakanin waɗanda suka ci mata ƙwallo a gasar, kowa gwargwadon rabonsa. Wanda ya ci 4 cikin 10 yana da 14, daga 1 zuwa 14. Wanda ya ci 2 yana da 7, daga 15 zuwa 21. Bar biyu ko uku na ƙarshe ga waɗanda ba su ci ba, domin mai tsaron baya ma yana da ranarsa. Duk lokacin da ƙwallo ta shiga, a yi zara ɗaya a kan wannan kati. Wannan ne wurin da dattawa suke matsowa kusa, don sunaye suna dawo da fuskoki. Ana rubuta Haitham Mustafa a katin Hilal, ana rubuta Faisal Agab a na Merrikh, sai labarai su ɓalle. Katin Merrikh na shekarar yana ɗauke da 'yan Najeriya: Stephen Worgu da Kelechi Osunwa da Endurance Idahor. Idahor ya faɗi a fili a Omdurman a watan Maris na 2010 ana tsakiyar wasa, bai tashi ba. Duk ranar da murfinsa ya fito, rumfa takan yi tsit na ɗan lokaci kafin a ci gaba.

Na huɗu dabarar koci. Bayan minti 60, ƙungiyar da ake ci tana iya cewa ta fito gaba ɗaya: a ƙara mata 2, a ƙara wa abokiyar karawarta 3, don ta bar gida a buɗe. Wadda take gaba tana iya rufe ƙofa: a rage mata 3, a rage wa ɗayar 2. A faɗa kafin a sa hannu a hula. Ni ba na sa wannan a maimaitawar farko. So nake in fara ganin abin da lambobi za su yi su kaɗai, kafin wayon mutane ya shiga.

Amanar littafi

Abin da yake kashe wannan wasa ba kuskuren lissafi ba ne, son kai ne. Za ka zauna kai kaɗai da dare, ƙungiyarka tana neman maki ɗaya ta wuce, a gida na shida baƙi su zaro 2. Zuciya za ta ce ai hular ba ta girgizu sosai ba, a sake. Da zarar ka sake sau ɗaya, littafin ya tashi daga shaida ya koma mafarkinka da ka rubuta da biro. Shi ya sa nake da dokoki da ba na sassautawa. Da biro ake rubutu, ba fensir ba. Murfin da ya fito ya fito, ko da ya faɗi ƙasa ne, a ɗauka a karanta. Mai goyon bayan ƙungiya ba ya zara mata; ɗan Hilal ya zara wa Merrikh, ɗan Merrikh ya zara wa Pillars, ko a kira yaron shago da bai damu da kowa ba. Dokar da aka ga tana da aibi a tsakiyar gasa, a rubuta ta a gefe, a gyara a gasa ta gaba.

Kuma ko sisi ba ya hawa kan tebur. Ko kuɗin shayi ne. Ranar da aka ce wanda aka ci shi zai biya agashe, ranar abin ya zama caca, kuma daga nan zumunci yake fara tsagewa. An kira salla a rufe littafi. Mai saye ya tsaya a bakin shago a ajiye hula.

A bi jerin wasannin yadda aka buga su, zagaye bayan zagaye, a sabunta teburi bayan kowane zagaye: nasara maki 3, canjaras 1. Wasa biyu ne a zagaye, zagaye shida, wato zama shida idan ana yin ɗaya kullum bayan azahar. Kada a yi gaggawar cinye su rana ɗaya. Kwanan da ake yi ana jiran zagaye na gaba, ana lissafin wa yake bukatar me, shi ne yake mai da abin kakar wasa.

Mai son kaiwa har kofi sai ya yi wa ɗaya rukunin kati shi ma: Mazembe, Heartland, Étoile du Sahel ta Tunisiya da Monomotapa ta Zimbabuwe. Na ɗaya a nan ya haɗu da na biyu a can, gida da waje, da dokar ƙwallon waje kamar yadda take a 2009, in an yi kunnen doki ta ko'ina a je fenareti biyar biyar da ma'aunin 27 ɗin nan. Rukuni biyu wasa 24, kusa da na ƙarshe 4, na ƙarshe 2, duka 30. Abu ɗaya za a kiyaye: lambar da aka samu a wannan rukuni ba lallai ta yi nauyi ɗaya da ta wancan ba, don abokan karawa sun bambanta. Maganinsa shi ne ga ƙungiyoyi huɗun da suka wuce a gaske, a haɗa har da wasanninsu na gaba, a raba da yawan wasannin, a ninka shida.

Me za ka gani

Maimaitawa ɗaya ba ta raba gardama. Idan Merrikh ta zo ta ɗaya a littafinka, wannan bai nuna an zalunce ta a 2009 ba, kamar yadda zuwan Pillars ta ɗaya bai nuna dole ne hakan ta faru ba. Sai an buga rukunin sau goma, wasa 120, an ware shafi guda ana rubuta wa ya zo na nawa a kowace maimaitawa. A nan ne ido yake buɗewa. Ƙungiyoyin da lambobinsu suke kusa za su riƙa karɓe saman teburi a hannun juna, ta ƙasa za ta fi yawan zama a ƙasa, amma wata rana za ka gan ta ta tsallake. Za ka ga ƙungiya mai 12 ta yi zara shida babu ko ɗaya, mai 5 ta ci biyu. Wasan hamayyar Omdurman, idan kowa yana da 7, kusan sau ɗaya cikin goma sha uku yake tashi babu ci. Wanda ya ga haka da idonsa yakan rage zagin koci da 'yan wasa, domin ya auna da hannunsa inda ƙarfi ya tsaya da inda rabo ya karɓa. Wannan ne ya sa na ɗauki wasan da muhimmanci fiye da abin kashe lokaci.

Bayan 2009 akwai shekaru da yawa masu jiran a buɗe su. Akwai 1989, da Merrikh ta ɗauki Kofin Masu Kofuna na Afirka a hannun Bendel United ta Najeriya da ci ɗaya tilo a wasa biyu. Akwai 1987 da 1992, da Hilal ta kai wasan ƙarshe na zakarun nahiya, Al Ahly da Wydad ta Maroko suka hana ta. Akwai 1970, da Sudan ta ci Kofin Afirka a gida a kan Ghana. Bakano mai haƙuri yana iya ɗaukar ɗaya daga kakannin 2012, 2013 da 2014 da Pillars ta jera kambu uku, amma ya sani gasa mai ƙungiya 20 wasa 380 ce, aikin watanni.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa zaman rumfa. Kasuwar Libiya ta daɗe babu ciniki, filayen Arda suka yi shiru, har Hilal da Merrikh suka je suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Muritaniya. Waɗanda suka saba zama a benci ɗaya, yau wani yana Bur Sudan, wani Alƙahira, wani Anjamena, wani ya koma Kano wajen dangin da bai taɓa gani ba. Wasan yana yiwuwa a haka. Mutum ɗaya ne zai riƙe hula, ya zara a gaban kyamarar waya kowa yana gani, ko in layi ba shi da ƙarfi ya aika muryarsa yana faɗin lamba ɗaya bayan ɗaya ba tare da yankewa ba. Kowa ya riƙe nasa littafin, a ƙarshen zagaye a gwada teburi da teburi, in sun saɓa a koma kan lambobin da aka rubuta a gidaje shida. Riƙon hula yana zagayawa, wannan mako na Bur Sudan, mako mai zuwa na Kano. A shafin farko na littafin, kafin teburi da dokoki, a rubuta ranar da aka fara, da sunayen waɗanda suke ciki, da garin da kowannensu yake kwana a ranar.